Kafin ki kunna kamara a zaman samarin nan

Makon jiya wata abokiyar aikina, wadda take tara samari goma sha biyu duk ranar Asabar a wata ƴar cibiya da ke wajen unguwar Garin Malam a Damagaram, wato Zinder, ta kira ni da hantsi. Masu ba su tallafi sun ce za su kawo musu babbar waya mai kamara da ɗan allo, don a riƙa ɗaukar zaman yaran ana haska musu su ga kansu. Ta ce, "Yaya, in karɓa, ko in ce su bar abinsu su ƙaro mana kuɗin shayi da na mota?" Na ce ta ba ni kwana biyu, don amsar ta fi ƙarfin katin wayarta. Ga ta nan na rubuta a fili, tunda na san ba ita kaɗai ke da wannan tambaya ba.

Yaran da ake magana a kansu kowa a Damagaram ya san su. Ɗan shekara sha huɗu zuwa sha takwas, an kore shi daga makaranta ko shi ya kori kansa, kwanansa a fada, wani ya fara leƙa ƴan pale, wato gungun samarin unguwa masu ɗaga ƙarfe da faɗa, wani ya taɓa kwana biyu a komisariya, wani kuma tramol da sholisho sun fara rina masa ido. Yawancinsu ba mugaye ba ne. Abin da ya haɗa su shi ne zuciya tana riga tunani. Kallon banza kaɗai ya isa a ɗauki gora. Aikin mai zama da su shi ne ya samar da ɗan tazara, ko da ta numfashi uku ce, tsakanin abin da aka yi wa yaro da abin da zai mayar. Da wannan mudun nake auna kowace hanya.

Hanyar da kowa ke farawa da ita ita ce hira a tabarma. A zauna a kewaye, a ɗora shayi, kowa ya faɗi abin da ke cin ransa. Ba ta cin kuɗi, kuma ba baƙuwa ba ce, domin fada ma ai haka take. Tana da amfanin da ba a raina shi: yaron da a gida ba a kiran sunansa sai da zagi ya samu inda babba zai saurare shi har ya kai aya. Sai dai samarin nan gwanayen baki ne. Cikin zama biyu sun gano abin da kike son ji. "Wallahi Mushe na tuba, daga yau ba ni ba ƙwaya." Mushe, wato monsieur na Faransanci, haka yaran ke kirana. Na ji wannan rantsuwar daga bakin yaron da ƙwayar ke cikin aljihunsa a lokacin da yake yin ta.

Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan, wanda ya shafi duk wani taron kangararrun yara, da kamara ko babu. Wani masanin halayyar ɗan Adam a jihar Oregon ta Amurka, Thomas Dishion, ya ɗauki bidiyon samari suna hira da abokansu, ya lura da abu guda: idan yaro ya ba da labarin ɓarna abokinsa ya yi dariya, labarin ɓarnar sai ya ƙaru, kuma masu irin wannan abota su suka fi faɗawa cikin laifi da shaye-shaye daga baya. A 1999 shi da Joan McCord da François Poulin suka fitar da rubutun da ya nuna cewa tara irin waɗannan yara wuri guda kan iya ƙara lalata su. McCord ɗin ita ce ta bi sawun yaran wani shiri da aka fara a jihar Massachusetts a ƙarshen shekarun 1930, ta tarar bayan shekara 30 waɗanda aka yi wa hidimar sun fi waɗanda aka ƙyale shiga matsala. Mu nan ba ma buƙatar a zo daga Oregon a gaya mana zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Amma ki riƙe maganar dariyar nan, za mu dawo kanta, don ita ce ke yanke hukunci kan kamara.

Hanya ta biyu wasan kwaikwayo. A nan ba a tambayar yaro me zai yi in an taka shi. Sai a tashe shi tsaye, a sa wani ya taka shi. Ɗaya ya zama ɗan kabu-kabun da ya goge shi a bakin Kasuwar Dole, ɗaya ya zama uban da ke zagi a gaban ƙanne, ɗaya maigidan garejin da ya hana kuɗin sallama. A yi, a tsaya, a tambayi masu kallo, a sake yi. Arnold Goldstein da Barry Glick sun tsara irin wannan a Amurka a 1987, shiri na mako goma, zama uku kowane mako, kuma ƙashin bayansa matakai huɗu ne: babba ya nuna yadda ake yi, yaro ya gwada, a gaya masa inda ya dace da inda ya kuskure, sannan a ba shi aikin gwadawa a waje kafin zama na gaba. Ba a buƙatar wuta, ba a buƙatar caji. Kuma wasa ba sabon abu ba ne a garin nan. Duk wanda ya girma da wasannin rediyo da na samariya ya san ɗan Damagaram ba ya jin kunyar ɗaura rawani na ƙarya ya zama alƙali.

Ni dai in aka ce in zaɓi hanya ɗaya tak in bar sauran, wannan zan ɗauka, ba tare da dogon tunani ba. Jiki ke yin faɗa, don haka jiki ya kamata a koya wa tsayawa. Wasa kuma yana ba yaro mayafi. Zai iya nuna yadda ubansa ke dukan uwarsa ya ce ai Malam Wane na cikin wasa ne, kowa ya gane, ba wanda ya ce komai.

Raunin wasan kwaikwayo ɗaya ne, amma babba ne: da an gama ya ɓace. Sai gardama ta tashi. "Ka ɗaga murya." "Ban ɗaga ba." "Ka matso masa har goshi." "Ƙarya ne Mushe, shi ya matso." Yaro ba ya ganin fuskarsa lokacin da yake fushi, kuma da gaske yake in ya ce bai harari kowa ba. Laifi tudu ne. A nan ne mai tallan kamara yake samun bakin magana, kuma maganarsa tana da ƙamshin gaskiya: gani ya kori ji.

To amma me za a gani? Wannan ita ce tambayar da masu tallafi ba sa yi. Abin da ake kira haska wa mutum kansa ba abu ɗaya ba ne, abu biyu ne da suka yi hannun riga, ko da yake na'urar ɗaya ce.

Na farkon shi ne na tsohon yayi. Da na'urar bidiyo ta shiga asibitocin Amurka a shekarun 1960, likitocin ƙwaƙwalwa irin su Ian Alger da Peter Hogan a New York suka fara haska wa ma'aurata da iyalai zamansu, Frederick Stoller kuma ya shigar da ita cikin zaman rukuni. Tunanin da ya yaɗu a wancan lokaci shi ne, in mutum ya ga munin halinsa da idonsa zai farka. Har mashaya aka ɗauka suna cikin maye, aka nuna musu bayan sun wartsake. Sakamakon bai yi daɗi ba: abin ya ƙona musu rai, da yawa suka janye jiki, shan kuma bai tsaya ba. Da Frances Fuller da Brad Manning suka tattara binciken da aka yi kan kallon kai a bidiyo a 1973, abin da ya fito shi ne kallon yana tayar da hankali, kuma a karon farko mutum ba halinsa yake kallo ba, hancinsa da muryarsa da tufafinsa yake kallo.

Ban san wannan ba lokacin da na yi nawa kuskuren. Shekarun baya ne, a wata cibiyar da ba zan kira sunanta ba. Na jingina waya a kan taga tana ɗauka. Ana tsakiyar zama sai rigima ta tashi kan kofin shayi, tsakanin wani yaro ɗan shekara sha shida mai koyon kanikanci da wani ƙato da ya girme shi. Yaron ya miƙe, jijiyar wuya ta tashi, ya fara zagi, kuma in ya fusata in'ina take kama shi, kalma ta maƙale ya yi ta bugun cinya kafin ta fito. Aka raba su. Ni kuwa a raina murna nake, na ce yau na samu darasi. Sati na zagayowa na kunna musu. Daƙiƙa goma ba a yi ba ɗakin ya ɓarke da dariya. Wani ya tashi yana bugun cinya yana kwaikwayon in'inar. Na tsayar, na ce a yi shiru, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Yaron bai yi zagi ba wannan karon. Ya ɗauki takalminsa a hannu, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Mushe, dama don ka tozarta ni ka ce in riƙa zuwa?" Bai sake dawowa ba. Na bi shi gareji sau biyu, yana hango ni sai ya shige ƙarƙashin mota. Sunan da suka laƙaba masa ranar kuwa ya bi shi har unguwa.

Abin bai tsaya nan ba. A zaman da ya biyo baya, sauran duk suka zama ƴan wasa. Mai gyara hula, mai murɗa dantse, mai ba da labarin yadda suka kori ƴan wata unguwa yana satar kallon taga. Dariyar nan da Dishion ya yi magana a kanta, ni da hannuna na ƙara mata lasifika. Samarin da ke ɗaga ƙarfe a pale suna ɗaukar kansu suna turawa a TikTok ba sa ganin kamara a matsayin madubi. Dandali ce a wurinsu. Wanda aka haska yana ɓarna, in ba a yi masa dariyar wulaƙanci ba, to an yi masa ta jinjina, kuma duka biyun asara ce.

Iri na biyu na haska wa mutum kansa daga Holan ya fito a shekarun 1980, wurin Harrie Biemans da abokan aikinsa, da kuma Maria Aarts wadda ta kafa tata hanyar mai suna Marte Meo. Sun jingina da binciken Colwyn Trevarthen na jami'ar Edinbura kan yadda uwa da jariri ke karɓa wa juna. Su akasin na farko suke yi. A ɗauki kamar minti goma, mai aikin ya koma shi kaɗai ya tace, ya tsinto ƴan gutsattsari inda abu ya tafi daidai, ko da sau ɗaya ne ya faru cikin kuskure ashirin, sannan ya zauna da mutumin su kalla, yana tambaya maimakon wa'azi. Peter Dowrick ma tun shekarun 1970 yake aiki da makamancin wannan, wato a nuna wa yaro kansa yana yin abin da ake so ya iya. Sai dai ki sani, hujjar da ta fi ƙarfi kan hanyar Holan ɗin ta iyaye da ƙananan yara ce. Kai ta cikin rukunin samari masu zafin kai aro ne muke yi, kuma kayan aro da lallaɓawa ake sa shi.

Da na sake gwadawa bayan shekara biyu, haka na yi, kuma wasan kwaikwayo kawai na ɗauka, ban ɗauki hira ba. Wani yaro da alƙalin yara ya taɓa gani saboda faɗa ya fito a matsayin wanda ɗan kabu-kabu ya goge. Sau uku ana yi yana cakumar wuyan riga. A na huɗu, abokin wasan ya zage shi zagi mai kyau, sai na ga ya mayar da hannayensa baya ya riƙe ɗaya da ɗaya, ya ja numfashi, ya ce, "Ka duba ƙafata tukuna, sannan mu yi magana." Daƙiƙa ashirin ke nan. Su na yanko, sauran na goge. Ban kai wa rukuni ba. Na kira shi gefe bayan la'asar, muka zauna a dakali, na miƙa masa wayar na ce shi zai danna, shi zai tsayar. Ya kalla, bai ce komai ba. Ya sake. Na ce, "Me ka gani?" Ya ce rigarsa ta yage a kafaɗa. Na ce to, ban da riga fa? Ya sake kallo na uku, ya tsayar daidai inda hannayen suka koma baya, ya ce, "Mushe, ashe in na yi shiru ba na kama da matsoraci."

Wannan jimlar ita ce duk abin da kamara za ta iya ba ki wanda hira da wasa ba za su iya ba. Yaron nan abin da ke sa shi duka shi ne tsoron kada a ce ya ji tsoro. Da na shekara ina gaya masa haƙuri ba ragwanci ba ne, zai ce to Mushe, ya wuce. Amma ya ga mutum a tsaye, kafaɗa a buɗe, murya a ƙasa, kuma mutumin shi ne. Daga baya shi da kansa ya ce a nuna wa sauran, kuma wayar na hannunsa aka kalla. Ba ni na ƙirƙiro wannan dabarar ba. Norman Kagan na jami'ar jihar Michigan tun shekarun 1960 ya tsara cewa wanda aka ɗauka shi ke tsayar da faifai inda ya ga dama, mai zama da shi tambaya kawai yake yi.

Akwai wani irin yaro kuma da bidiyo ke yi wa rana, wanda ba a cika lura da shi ba saboda ba ya fasa komai: mai noƙewa, wanda ya tabbata in ya buɗe baki kowa na ganin rawar jikinsa, har ya koma shan ƙwaya don ya iya shiga mutane. David Clark da Adrian Wells a Ingila sun bayyana a 1995 yadda mai irin wannan tsoro yake ɗauke da mummunan hoton kansa a ka, kuma bidiyo ya zama ɗaya daga kayan aikin jinyarsa. Sharaɗin shi ne a shirya shi kafin ya kalla: ya fara faɗin abin da yake zaton zai gani, sannan ya kalla kamar baƙo yake kallo. In aka tsallake shirin, abin da ke kansa zai gani a allon.

Ɗaukar murya kaɗai tana tsakiya. Tana kama abin da ya fi yawan haddasa faɗa, wato yadda aka faɗi magana, kuma ba riga ba hanci balle a tsaya kallonsu. Na fi son ta da ƴan mata. Amma kada ki ɗauka ta ɓoye kowa. A unguwa ɗaya, murya ma fuska ce.

Yanzu maganar amana, wadda a ganina ta fi duk abin da na faɗa nauyi. Hira in an tashi ta tashi. Wasa in an gama ya wuce. Bidiyo kuwa yana nan, kuma yana da ƙafa. Wayar da ke ɗauke da shi za ta je wurin mai caji ranar da aka ɗauke wuta, za ta je wurin mai gyara ranar da allo ya fashe, ƙanenki zai ara ya kalli ƙwallo. Tura faifai ta Xender ko WhatsApp bai kai minti ɗaya ba. Zinder kuwa, duk girmanta, gari ne da in aka haska fuska a Birni kafin magariba an gane ta a Zango da Kara-Kara. Yaron da ya faɗi a zama cewa shi ya sassari wane, ko ya ambaci mai sayar masa da ƙwaya, in wannan ya fita ba kunya kaɗai ba ce, rai ne. In kuma jami'an tsaro suka ji akwai faifai suka nema, me za ki ce? Shi ya sa dokata ba ta da sassauci: ba a ɗaukar hira, ba a ɗaukar kuka, ba a ɗaukar ikirari. Wasa kawai, da sunayen ƙarya. Yarinya kuwa, faifai ɗaya da ke nuna ta a taron "kangararru" ya isa ya kori mai neman aurenta shekara uku nan gaba, lokacin da ke kin manta da shi.

Nijar tana da dokar kare bayanan mutum tun 2017, da hukumar da ke kula da ita, akwai kuma dokar laifukan intanet ta 2019. Hoton ƙaramin yaro ba naki ba ne, ba na cibiya ba ne. Sai da yardar iyaye, da ta yaron kansa, kuma yardar ba ta zama ta takardar Faransanci da aka dangwala wa yatsa ba a karanta ba. Na taɓa zuwa zauren wani dattijo neman izini. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Malam, na ji. Hoton ɗana, in kun gama, ina za shi?" Na ce za a goge a gaban yaron. Ya ce, "Turawan da suka ba ku na'urar fa, ba za su gani ba?" Na yi shiru, domin a lokacin ban tambaya ba. Ki tambaya tun kafin ki sa hannu. Masu tallafi da yawa suna son faifan ne don rahotonsu da shafinsu na Facebook, su nuna wa duniya yaran da suka ceto. In wannan na cikin sharaɗi, ki mayar musu da kayansu. Wasu iyayen kuma ba sa son hoto ko kaɗan saboda fahimtarsu ta addini. Kada a ja da su, kuma kada yaron ya ji an ware shi. Shi sai ya zama mai ba da umarnin wasa.

Sai wahalar aikin, wadda ba ta bayyana a takardar tallafi. Kamarar ita ce mafi arha a cikin lamarin. Abin da ke da tsada lokacinki ne. Minti goma na ɗauka kan ci mini fiye da sa'a guda ina kallo ina komawa baya kafin in samu daƙiƙa ashirin masu amfani. A ɗakin kwano, ga fanka, ga babura a titi, sau da yawa hoto ya fito magana ba ta fito ba. Kai goma sha biyu a kan allo ɗaya rabinsu ba sa gani, waɗanda ba sa gani kuwa su ke fara tsokana. Wutar kamfanin lantarki na Nigelec kin san halinta a watan Afrilu da Mayu. Sannan mutum ɗaya ba zai riƙe kamara ya riƙe ɗaki ba. Duk lokacin da idonki ke kan allo, ba ya kan yaron da ya fara kaɗa ƙafa a kusurwa.

Ki kuma tuna wani sanannen shiri a yankinmu na Afirka ta Yamma kan irin waɗannan matasa bai dogara da kamara ba. A Monrobiya ta Laberiya, Christopher Blattman da abokan aikinsa sun bi matasa 999 masu zaman titi da laifi. Wasu aka ba su zaman gyaran tunani da hali na mako takwas, wasu dalar Amurka 200, wasu duka biyun, wasu ba komai. Waɗanda suka samu duka biyun su suka fi rage laifi da tashin hankali, kuma da aka koma bayan kusan shekara goma an tarar tasirin bai gushe ba. Manya ne, ba ƴan sha biyar ba, amma abin da aka yi da su shi ne gwaji, da maimaici, da aikin gida, a hannun masu koyarwar da su ma daga titin suka fito. Shirin Hukumar Lafiya ta Duniya na yara masu tasowa da ke cikin damuwa, mai zama bakwai da yara da uku da iyaye, shi ma da littafin labari da zane-zane yake aiki. Don haka in zaɓin da gaske tsakanin kamara ne da kuɗin motar da zai sa yaro ya zo duk Asabar, ki ɗauki kuɗin mota.

In kuwa za a ba ki duka biyun, ga inda nake ganin iyakar take. Rukunin da bai kai wata biyu tare ba, ko wanda yau a ga wannan gobe a ga wancan, ko wanda hukuma ta tilasta wa yaran zuwa suna kallonki a matsayin idon alƙali, ko wanda ya haɗa ƴan unguwanni masu gaba, kada kamara ta shiga. Haka in ke kaɗai ce. Sha biyun nan naki ma sun yi yawa, ki raba su shida-shida ranar da za a ɗauka. In rukuni ya zauna, sun fara rufa wa juna asiri, kuna ku biyu, na'urar ba ta da layi kuma a akwati mai makulli take kwana, to a ɗauki wasa na ƴan mintoci, a tsinci mai kyau, mai hoton ya fara gani shi kaɗai, shi zai ce a nuna ko kada a nuna, a goge a gabansa. Wanda ya yi dariyar wulaƙanci a tsayar nan take, ba sai an kai ƙarshe ba. Sau ɗaya a wata ya isa. In ya zama kullum, sun koma ƴan fim.

Akwai wani labari na ƙasar nan da nake so. Jean Rouch, Bafaranshen nan mai ɗaukar fim da ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, ya ɗauki masuntan Ayoru suna farautar dorina a shekarun 1950, daga baya ya koma ya haska musu. Maimakon su yaba, sai suka ce ya yi kuskure da ya sa kiɗa a kan farautar, don kiɗa ƙarfafa wa dorina zuciya yake yi. Ya cire kiɗan. Ya je nuna musu kansu, sai ga shi shi aka gyara.

Haka ta faru da ni. Faifan da ya fi canja aikina ba na wani yaro ba ne. Wata rana na juya wayar ta fuskanci inda nake zaune, yaran suna bayanta ba a ganinsu. Da dare na kalla. Cikin zaman sa'a ɗaya, ni na cinye fiye da rabi da surutu. Na ga ina yi wa yaro tambaya, kafin ya haɗa amsa na amsa masa. Na ga duk lokacin da wani ƙato mai ban dariya ya yi magana fuskata na sakewa, in ƙaramin da ke gefen ƙofa ya fara sai in duba agogo. Na ga na yi murmushi, ni da kaina, a kan labarin yadda aka fasa wa wani kai. Wanzami ba ya son jarfa, sai da na kashe sau biyu kafin na iya kai shi ƙarshe.

Da na kira abokiyar aikin nawa na karanta mata wannan, ta yi shiru, sannan ta ce, "Wato Yaya, in karɓa in fara da kaina." Na ce wata guda cur, kuma ki bar yaran su ga ke ake ɗauka, ki haska musu su gaya miki inda kika katse su. Ta ce za su cinye ta ɗanya. Jiya ta aiko mini da saƙo cewa masu tallafin sun yarda ba za su karɓi faifai ko ɗaya ba, amma maganar kuɗin mota sun ce sai sabuwar shekara.